Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Jami'ar Tarayya ta Gusau kan Sababbin Darussan Kasuwanci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'ar Tarayya ta Gusau,

Maƙasudin wannan takarda shi ne a gabatar wa Shugaba wani al'amari da ya shafi ɗaliban gudanar da kasuwanci da na akanta da na tattalin arziki, musamman 'ya'yan Bungudu da Gusau da Tsafe, waɗanda a farkon kowane zangon karatu suke karɓar jerin sababbin darussa, su yi rajista, su halarci laccocin makon farko da na biyu, daga nan kuma su fara auna abin da aka ce za a koya musu da irin kasuwancin da suka tashi a cikinsa. An rubuto daga Bungudu ne domin jami'ar, wadda aka kafa a 2013, maƙwabciyar wannan ƙaramar hukuma ce ta ƙut da ƙut, har ma ƙauyen Sabon Gida inda ɗalibai suke kama hayar ɗakuna yana cikin ƙasar Bungudu. An kuma nufi Shugaba da maganar ne saboda shi ke jagorantar majalisar malaman jami'a, wato majalisar da ta ƙunshi farfesoshi da shugabannin tsangayoyi da na sassa, wadda sai da amincewarta ake shiga aji da kowane darasi.

Asalin sababbin darussan sananne ne. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, a zamanin shugabancin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ake taƙaita sunanta da CCMAS, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ake kira BMAS, aka kuma umarci jami'o'i su fara aiki da ita daga watan Satumba na 2023. Babban abin da ya bambanta ta da ta baya shi ne rabon da ta yi, inda hukumar ta riƙe kashi 70 cikin 100 na darussan kowane digiri a matsayin tilas ga dukkan jami'o'in Nijeriya, ta bar kashi 30 ga majalisar malaman kowace jami'a ta cika shi da abin da ya dace da yankinta da ƙwarewar malamanta. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki tsarin a wancan lokaci, tana ganin kashi 70 ya yi yawa kuma ya tauye 'yancin jami'a na tsara karatunta, kuma sukar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Sai dai wannan wasiƙa ta tsaya ne kan kashi 30 ɗin da babu mai jayayya cewa yana hannun Shugaba da majalisarsa. Idan aka yi lissafi da yunit, wato ma'aunin nauyin darasi wanda ɗayansa yake daidai da laccar awa guda a kowane mako har tsawon mako 15, digirin shekara huɗu yana bukatar aƙalla yunit 120, ke nan kason jami'a ya kai yunit 36, abin da ya haura karatun shekara guda cur.

Abin da yake fara zuwa zuciyar ɗalibi idan ya duba takardar rajista murna ce, kuma murnar tana da dalili. Yana ganin darasin kwamfuta tun daga aji ɗaya tare da na ƙa'idojin gudanarwa, a aji biyu ga ENT 211 kan ƙirƙirar sana'a da sabunta dabaru, a aji uku kuma ga ENT 312 kan yadda ake kafa kasuwanci daga tushe, sannan an rubuta a gaban kowane darasi abubuwan da ake sa ran zai iya yi da kansa bayan ya kammala shi. Yaron da aka sayar da buhunan dawa ko ɗan bijimi aka biya masa kuɗin makaranta, idan ya karanta irin waɗannan alkawura, yakan ɗauka cewa wannan karon karatun zai taɓa abin da yake ci masa tuwo a ƙwarya, wato yadda zai nemi na kansa a ƙasar da aikin gwamnati ya zama sai ɗan wane da wane.

Murnar takan fara raguwa ne a mako na biyu ko na uku, lokacin da aka bar sunayen darussa aka shiga cikinsu, kuma wannan ba laifin malami ba ne, hali ne na manhajar ƙasa da littattafan da take dogara da su, tun da manhajar da aka rubuta domin ɗalibin Legas da na Fatakwal da na Gusau a lokaci guda ba ta da halin ambaton kasuwar Nahuce ko ta Tsafe. Darasin gudanarwa yana farawa da Frederick Taylor, wanda ya wallafa littafinsa a 1911 bisa abin da ya lura da shi a masana'antun ƙarfe na Amurka, ya wuce zuwa ƙa'idoji 14 na Henri Fayol, injiniyan haƙar ma'adinai na Faransa da ya rubuta nasa a 1916. Darasin akanta kuma yana koyar da tsarin shigar da kowace ma'amala sau biyu, a ɓangaren karɓa da na bayarwa, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494 a Italiya. Duk wannan ilimi ne na gaske, kuma wanda bai san shi ba ba zai ci jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ta ANAN ba, ballantana a damƙa masa littafin banki. Matsalar ita ce ɗalibin yana haddace shi kamar yadda mutum yake haddace sunan garin da ba ya sa ran zuwa, ya zuba a takardar jarrabawa, ya koma gida hutu ya tarar da mahaifinsa ko kawunsa yana juya hatsin miliyoyin naira ba tare da ya taɓa jin sunan Fayol ba, sai ya yanke ɗayan hukunci biyu waɗanda dukansu kuskure ne: ko dai kasuwancin gidansu jahilci ne da ya kamata ya guje masa, ko kuwa karatun jami'a neman takarda ne kawai.

Alhali kuwa ɗalibin da ya fito daga Bungudu ko Kwatarkwashi ya shigo aji da ilimin kasuwanci mai yawa wanda ba a cika tambayarsa ba. Ya san cewa da kaka farashin dawa da gero da masara da wake da waken suya yakan faɗi, domin manoma suna bukatar kuɗi a lokaci guda, ga bashin taki ga hidimar aure. Ya san 'yan kwarami da manyan 'yan sari suna saye a lokacin su kimshe a shaguna da rumbuna har bazara ta wuce damina ta yi nisa, sa'ad da rumbun talaka ya yi ƙasa farashi ya tashi. Ya kuma san ribar wannan ajiya ba tabbatacciya ba ce, domin ƙwari suna cinye wake idan ba a zuba shi a buhu mai leda a ciki wanda iska ba ta shiga ba, kuma akwai shekarar da farashi yake ƙin tashi, mai ajiya ya tafka asara. Ya san aikin dillali, wanda yake haɗa mai saye da mai sayarwa, ya tsaya a matsayin shaida da mai lamuni, ya karɓi la'adarsa. Ya san tiyar wata kasuwa ba daidai take da ta wata ba, kuma a cikin wannan ɗan bambanci na awo wasu suke samun abinci. Ɗaliba kuwa ta san yadda mahaifiyarta, ba tare da ta taka ƙofar gida ba, take sayen gyaɗa ta soya ta niƙa ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli, ta raba jarinta tsakanin wannan da kiwon ragon da za a sayar da babbar Salla, ta kuma zuba adashi wurin uwar adashin da unguwa ta amince da ita. A cikin waɗannan abubuwa akwai yadda bukata da wadatar kaya suke tsayar da farashi, da tattalin kayan ajiya, da ladan mai shiga tsakani, da rarraba jari domin rage haɗari, da tara kuɗi ba tare da banki ba, wato yawancin abin da littattafan aji biyu da aji uku suke fama su fahimtar da shi da misalan ƙasashen da bai taɓa gani ba.

Misali guda ya isa ya nuna zurfin abin. Akwai bashin da ake kira ba-da-kaka, wanda manomi yake karɓa da damina, lokacin da abinci ya ƙare aikin gona kuma ya yi tsanani, a kan zai biya da hatsi idan an girbe. A ƙaddara, domin lissafi kawai, ya karɓi kuɗin da bai wuce rabin abin da buhu zai kai da kaka ba, a kan zai ba da buhu cikakke bayan wata huɗu. Ɗalibin da aka koya wa darajar kuɗi bisa lokaci, wato ƙa'idar cewa nairar yau ta fi nairar baɗi, zai gano cewa mai ba da bashin ya ninka kuɗinsa cikin wata huɗu, abin da ya zarce kuɗin ruwan kowane banki nesa ba kusa ba, zai kuma iya tambayar nawa ne daga ciki ladan ɗaukar haɗarin fari da na 'yan bindiga, nawa ne kuma cin gumin wanda ba shi da zaɓi. Daga nan ƙofar wani fanni take buɗewa. Zamfara ce jiha ta farko da ta ƙaddamar da faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, kuma da yawa daga 'yan kasuwarta sun gwammace su rasa bashin banki da su taɓa kuɗin ruwa. Fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan wannan yanki kuwa ya daɗe da tsara cinikin salam, wanda a cikinsa mai saye yake biyan kuɗi tun farko a kan kaya sanannen nau'i da sanannen awo da za a kawo a sanannen lokaci. A siffa wannan ya yi kama da ba-da-kakar kuɗi, ya kuma saɓa wa wadda ake ba da hatsi a karɓi hatsin da ya fi shi yawa, don haka tantance inda halal ya tsaya da inda zalunci ya fara aiki ne da yake bukatar malamin fikihu da malamin lissafin kuɗi su zauna a aji ɗaya. Haka nan ƙiradi, wanda bankuna suke kira mudaraba, inda wani yake kawo jari wani ya kawo aiki, su raba riba bisa kason da suka yarda, asarar kuɗi kuma ta hau mai jari. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na farko na naira biliyan 100 a 2017 domin aikin hanyoyi, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da cibiya sukutum ta nazarin banki da hada-hadar kuɗi na Musulunci. Duk ɗalibin akanta da zai gama digiri a wannan yanki bai iya shigar da cinikin murabaha a littafi ba, wato sayar da kaya a kan sanannen kuɗin saye da sananniyar riba, an sallame shi da giɓi a daidai wurin da kasuwa ta fi bukatarsa.

Hanyar shigar da irin wannan ilimi cikin aji ba sabuwa ba ce. Makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard a Amurka, wadda aka kafa a 1908, ta shahara tun shekarun 1920 da koyarwa ta hanyar nazarin abin da ya auku, dabarar da ta aro daga makarantar lauyoyi: a rubuta labarin wata matsala ta gaske da ta sami wani kamfani, da alkalumanta da mutanen da ke ciki, a tsaya daidai wurin da mai kamfanin zai yanke shawara, a miƙa wa ɗalibai su yi gardama kan abin da ya kamata ya yi. Abin da aka fi aro daga wannan tsari shi ne labaran da aka rubuta a can, alhali abin aron shi ne dabarar rubuta su. Zamfara kuwa, abin takaici, ta tara irin waɗannan matsaloli a 'yan shekarun nan fiye da yadda aji zai iya cinyewa. A farkon watan Satumba na 2021, domin yaƙi da 'yan bindiga, an katse layukan wayar salula a faɗin jihar, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, ta taƙaita sayar da man fetur, kuma sai da aka yi kusan wata guda kafin layi ya dawo a Gusau, sauran ƙananan hukumomi suka ƙara jira. Mai POS da sana'arsa ta dogara kacokan ga layi, da ɗan sarin da sai ya ji farashin kasuwar hatsi ta Dawanau ta waya yake ɗora kaya, da mahaucin da aka rufe masa kara, da mai shagon da yake bin mutane bashi ba ya iya kiransu, kowannensu ya yanke shawara a waɗancan makonni: wasu sun riƙa fita jihar zuwa garuruwan da layi bai mutu ba domin su yi waya ko su tura kuɗi, wasu sun koma aika wasiƙa ta hannun direbobi a tasha, wasu kuwa sun karye. Da wuya a sami littafin gudanarwa da ya ƙunshi darasi kan tsayawar hanyar kaya da hanyar labari a lokaci guda wanda ya kai wannan, kuma waɗanda suka sha wahalar suna nan da ransu, tsakaninsu da ƙofar jami'a bai wuce kuɗin mota ba.

Bayan wannan ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sakamakon sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, lokacin da kaya ɗaya ya zama mai farashi biyu, na kuɗi hannu da na tiransifa, kuma Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris na shekarar cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Sai tarihin Gusau kanta, wanda ya cancanci darasi nasa na musamman. Garin ya bunƙasa ne bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa shi ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da ma'aunan gyaɗa da auduga, aka gina injinan gurzar auduga, daga baya a shekarun 1960 aka kafa masaƙar Zamfara, wadda ta ciyar da ɗimbin iyalai kafin ta durƙushe tare da 'yan uwanta na Kaduna da Kano. Dalilan durƙushewar masaƙun Arewa, wato rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da kwararowar yadin waje mai araha ta fasa-ƙwauri da tsufan injina da raguwar noman auduga, ana jero su a jarida cikin layi ɗaya, amma wanne ya fi wanne nauyi a Gusau, kuma wace shawara ce da an yanke ta da ta tsawaita ran masaƙar, tambaya ce da ta dace da binciken ɗalibin aji huɗu fiye da maimaita taken da aka riga aka yi sau ɗari a wasu jami'o'i.

Kada a ce babu rubuce-rubucen da za a dogara da su. Farfesa Mahdi Adamu ya bi sawun fataken Hausawa a Afirka ta Yamma a littafinsa na 1978, Paul Lovejoy ya rubuta tarihin fataucin goro a 1980, Polly Hill ta yi nazarin ajiyar hatsi da bashi da talauci a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina a littafinta na 1972, Abner Cohen kuma ya nuna a 1969 yadda masu gida a unguwar Sabo ta Ibadan suke tsaya wa fataken shanu su sayar wa mahauta bashi ba tare da takarda ko kotu ba, sai amana da tsoron zubewar mutunci. Abin mamaki ne yadda aka bar waɗannan littattafai ga sassan tarihi da nazarin zamantakewa, alhali darasin lamuni ne tsantsa a cikinsu.

Ana iya cewa ɗalibi bai zo jami'a domin a mayar da shi kasuwar ƙauyensu ba, burinsa aikin banki ne a Abuja ko kamfani a Legas, kuma cikin ɗaliban akwai waɗanda ba 'yan Zamfara ba. Amsar ita ce kashi 70 ya riga ya ɗauke wannan nauyi, kuma wanda ya iya warware lissafin ba-da-kaka zai warware na kowane lamuni, sannan bankuna da kamfanonin taki da masu sarrafa shinkafa da waken suya da suke neman shiga karkara sun fi bukatar wanda ya san karkarar. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta malamai, domin rubuta nazari mai inganci yana cin watanni na hira da tattara alkaluma, alhali ƙarin girman malamin jami'a a Nijeriya ya rataya ne ga maƙalun da ya buga a mujallun ilimi. A nan ne ikon Shugaba yake da amfani, tun da yana iya sa kwamitin ƙarin girma ya duba yiwuwar lissafa irin wannan rubutu idan ya wuce tantancewar masana, a kuma karkatar da wani abu daga tallafin ƙananan bincike na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, zuwa gare shi.

Batun tsaro shi ne mafi nauyi. Ba a manta da asubahin 22 ga Satumba na 2023 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida suka sace ɗalibai fiye da 20, akasarinsu mata, kuma babu shugaba mai hankali da zai cika mota da ɗalibai ya tura su kasuwar ƙauye da sunan bincike. Sai dai idan aji ba zai je kasuwa ba, kasuwa tana iya zuwa aji: a gayyaci shugabannin ƙungiyoyin 'yan hatsi da sarakunan dillalai da na pawa da mata masu sana'a, a bar su su yi bayani da Hausa, ɗalibai su yi tambayoyi su rubuta rahoto da Ingilishi, malaman Hausa na jami'ar kuma su taimaka wajen naɗar hirar da adana ta. Kowane ɗalibi yana komawa garinsu hutu, kuma idan aka ɗora masa ya rubuto farashin tiya na manyan hatsi a kasuwarsu, cikin 'yan shekaru jami'a za ta mallaki jerin farashi da manomi da ɗan kasuwa da gwamnatin jiha za su amfana da shi. Akwai sharaɗi guda da ba a sassauta shi: kada a taɓa rubuta sunan mutum tare da adadin buhunansa ko shanunsa ko kuɗinsa, domin a ƙasar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suke sayar da irin wannan labari, littafin ɗalibi yana iya jawo wa wanda ya taimake shi garkuwa. Wannan ma kansa darasi ne na ɗa'ar bincike da ya kamata a koyar tun ranar farko.

Game da ENT 312, manhajar ta ware awa 45 na aikin hannu baya ga awa 15 na lacca. A jami'o'i da dama na ƙasar nan darasin dogaro da kai ya taƙaita ga haɗa sabulu da turaren ɗaki da saƙa duwatsun ado, abin da ba shi da laifi ga mai bukatarsa, amma sana'ar ɗalibin kasuwanci ita ce riƙe littafi da fitar da kuɗin da kaya ya ci da tsayar da farashi. Zai fi amfani a haɗa kowane rukunin ɗalibai da wata ƙaramar sana'a a cikin garin Gusau, tela ko mai walda ko mai gidan burodi ko mai injin niƙa, bisa yardarsa, su riƙe masa littafi tsawon zango, su taimake shi ya yi rajistar sunan kasuwancinsa da hukumar CAC, wadda dokar kamfanoni ta 2020 ta ba ta damar yi wa ko mutum ɗaya rajistar ƙaramin kamfani, su kuma nuna masa yadda zai raba kuɗin shago da kuɗin cefane, tun da cin uwar kuɗi ba tare da sani ba na cikin manyan abubuwan da suke kashe ƙananan sana'o'i.

Jami'o'i sun riga sun tsara kasonsu na kashi 30 sun miƙa wa hukuma, amma misalan da ake kawowa a aji da aikin gida da taken bincike duk suna hannun sassa, kuma babu abin da ya hana majalisa ta sake duba abin da ta tsara. Roƙon da ake yi ga Shugaba shi ne ya gabatar da wannan batu gaban majalisar malamai, a nemi kowane sashe na kasuwanci ya bayyana wa ɗalibai tun makon farko wane al'amari na wannan yanki za a nazarta a kowane darasi, a kuma karɓi ra'ayinsu a rubuce ba tare da suna ba idan zango ya ƙare. Ba sai an yi komai a lokaci guda ba. Darasi ɗaya kan cinikin hatsi da bashin noma a aji biyu, da nazari biyu rubutattu, ɗaya kan watannin katse layi na 2021 ɗaya kan masaƙa, sun isa a fara. Na masaƙar ya fi gaggawa, domin waɗanda suka yi aiki a ɗakin saƙa da ofishin akanta a shekarun 1970 da 1980 yanzu dattawa ne, saboda haka ya kamata hira da su da tattara takardun da suka rage a hannunsu su shiga aikin zangon da ke tafe.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, ya kuma dawo da zaman lafiya a Zamfara.

Wassalam.

Daga Bungudu, Jihar Zamfara.